Yadda Ake Tanadar wa Kunkuru Ɗumi Kafin a Yi Tafiya a Lokacin Sanyin Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar a yi masa bayanin sanyin garin. Jos tana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200 sama da doron teku, kuma idan hunturu ya kankama, ma'aunin zafi yakan sauko zuwa digiri 11 ko 12 a ma'aunin Salshiyas da asuba, wasu darare ma ya gangara ƙasa da 10. Waɗannan watanni kuwa su ne watannin tafiye-tafiye, domin an yi hutun makaranta, bukukuwan aure sun yawaita a Kano da Bauchi da Zariya, ma'aikata kuma sun karɓi hutun ƙarshen shekara. Sai a kulle gida a kama hanya, a bar kunkuru a lungun tsakar gida da ɗan ganyen kabeji, bisa zaton cewa dabba ce mai haƙuri wadda ba abin da ke damunta. Haƙurin nan gaskiya ne, amma shi ne yake ɓoye ciwonsa, saboda kunkuru ba ya kuka kuma ba ya kai kawo don a lura da shi. Sai an dawo ne ake tarar da ya daina cin abinci, hancinsa yana kumfa.

Akwai abu guda da ya kamata ya zauna a zuciyar mai kiwo kafin ya taɓa guduma ko ya sayi ƙwan lantarki. Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumin kansa kamar yadda jikin mutum ko na akuya ko na kaza yake yi. Daga rana da ƙasa da iskar da ke kewaye da shi yake aron zafi, kuma da wannan zafin aro ne yake narkar da abinci, yake motsi, yake yaƙar cuta. Saboda haka bargo ba ya ɗumama shi. Aikin bargo shi ne ya tsare zafin da jiki yake fitarwa, idan kuwa jikin ba ya fitar da komai, lulluɓe shi daidai yake da lulluɓe dutse. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a wata shekara, na naɗe ƙaramin kunkuru da tsohon bargo a cikin kwali, na ajiye shi a baranda, na tafi biki na kwana huɗu da kwanciyar hankali. Na dawo na same shi sanyi ƙalau, idanunsa a rufe, kuma sai da aka yi makonni ana jinya kafin ya sake buɗe baki ya ci ganye. Duk abin da zai biyo baya a wannan bayani ya ginu ne a kan wannan: dole ne zafin ya fito daga wani wuri, sannan a nemi abin da zai riƙe shi.

Fara da sanin irin kunkurun da ke hannunka

Mafi yawan waɗanda ake kiwo a gidajenmu iri biyu ne. Na farko shi ne babban kunkurun Sahel, mai ƙoƙon baya launin yashi da wasu ƙayoyi masu tsini a bayan cinyoyinsa, wanda idan ya girma yakan wuce kilo 50. Asalinsa ɗan busasshiyar ƙasa ne ta gefen hamada, inda yake haƙa rami mai zurfi ya shige don guje wa zafin rana da sanyin dare. Na biyu shi ne ƙaramin kunkuru mai gaɓa a ƙarshen ƙoƙon bayansa, wadda yake lanƙwasawa ya rufe ƙafafunsa na baya idan ya tsorata. Wannan ya fi son inuwa da danshi, musamman irin da ake kawowa daga dazuzzukan kudu. Kififiya kuwa ta ruwa ce, tsarin kula da ita daban ne, ba ita ake nufi a nan ba.

Kunkurun Sahel yana son wurin shan ɗumi mai digiri 32 zuwa 35 da rana, da wani gefe mai digiri 24 zuwa 27 inda zai koma idan ya ƙoshi da zafi. Da dare kada a bari wurin kwanansa ya sauko ƙasa da digiri 18 zuwa 20, idan kuwa jariri ne da bai wuce tafin hannu ba, gara a tsayar da shi a wajen 24. Mai gaɓa ba ya son zafi mai tsanani, digiri 24 zuwa 28 ya ishe shi, amma bushewar hunturu tana wahalar da shi fiye da ɗan'uwansa.

A nan ya dace in ja hankali a kan wata shawara da ake yawan cin karo da ita a intanet, cewa kunkuru yana yin dogon barcin sanyi, har wasu masu kiwo a Ingila da Jamus suna ajiye nasu a cikin firiji na watanni a kan digiri 5. Wannan ya shafi kunkurun ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum ne, waɗanda aka halicce su da wannan ɗabi'a. Namu na Afirka ta Yamma ba sa yin wannan barci. Idan ka ga naka ya lafe ya daina motsi saboda sanyi, ba hutawa yake yi ba, wahala yake sha.

Mako guda kafin tafiya: awo da zaɓen ɗaki

Kada a bar wannan aiki sai daren tafiya. A fara da sayen ma'aunin zafi na ɗaki, kuma a nemi irin wanda yake riƙe lamba mafi ƙasa da mafi sama da aka kai, domin shi ne zai gaya maka abin da ya faru da ƙarfe huɗu na asuba lokacin da kake barci. Shagunan da ke sayar da kayan kiwon kaji su ne wuri na farko da ya kamata a leƙa, tunda masu renon 'yan tsaki ma da zafi suke fama, kuma Jos gari ne na kiwon kaji. Fatar hannu ba ma'auni ba ce. Wanda ya saba da Jos zai shiga ɗaki mai digiri 16 ya ce da ɗumi, alhali ga kunkurun Sahel wannan sanyi ne.

Sai a ajiye ma'aunin a ƙasa, daidai inda kunkurun zai kwanta, ba a rataye shi a bango ba, saboda iska mai sanyi ƙasa take kwantawa kuma bambancin ƙasan ɗaki da tsayin kafaɗar mutum yakan kai digiri biyu ko uku. A gwada ɗakuna biyu ko uku, kowanne dare guda. Ɗakin da ya fi dacewa shi ne wanda yake tsakiyar gida, mai silin, wanda tagarsa ba ta fuskantar arewa maso gabas inda iskar hunturu take fitowa. Baranda da gareji da sito mai rufin kwano ba silin su ne mafi muni, domin kwano yana gasa wuri da rana sannan ya saki zafin gaba ɗaya da zarar rana ta faɗi. Banɗaki ma a guje shi, saboda haɗuwar sanyi da laima ita ce hanya mafi sauri zuwa ciwon huhu. A toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a kuma duba ko akwai ramin ɓera, domin ɓera da gafiya suna gwaguyar ƙafafun kunkurun da sanyi ya hana shi janye jiki.

Akwatin kwana

Ɗumama ɗaki gaba ɗaya yana cin wuta mai yawa, ɗumama akwati kuwa abu ne mai sauƙi. Ga kunkurun da bai wuce girman kwanon cin abinci ba, kafinta a kasuwar Katako zai iya haɗa akwatin falanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, bangonsa ya ninka tsawon kunkurun sau biyu don kada ya haura. Tsawon nan yana da dalili: ana so gefe ɗaya ya yi ɗumi, ɗayan ya yi sanyi-sanyi, yadda dabbar za ta zaɓi inda ya yi mata. A ƙaramin kwali ko bokiti ba ta da wurin gudu idan zafi ya yi yawa, kuma zafin da ya wuce kima yana kashe kunkuru cikin sa'o'i kaɗan, alhali sanyi yakan ɗauki kwanaki.

Kada akwatin ya zauna kai tsaye a kan siminti ko tayil, domin suna zuƙe ɗumi duk dare. A ɗora shi a kan katakai biyu, ko a shimfiɗa kwalaye masu kauri a ƙarƙashinsa. Farin kumfan nan da ake naɗo sabon firiji ko talabijin da shi yana da amfani ƙwarai wajen riƙe zafi, amma a manna shi daga waje, saboda idan kunkuru ya same shi zai gutsura ya haɗiye. A ciki a zuba ƙasa mai tsabta mai kaurin yatsu huɗu zuwa biyar don ya samu abin tonawa. A gefen da ba fitila a kifa masa rabin tukunyar ƙasa ko ƙaramin akwati mai ƙofa, a cusa busasshiyar ciyawa a ciki. A rufe kashi biyu cikin uku na saman akwatin da falanki, a bar ragowar don iska da fitila. Yanzu ne bargo ya samu aikinsa: a yafa shi a kan rufin da bangon waje, nesa da fitila, ya riƙe ɗumin da aka samar.

A cire duk wani abu da zai iya hawa ya faɗo ta baya. Kunkurun da ya kife a ƙarƙashin fitila, babu mai juya shi, yana cikin hatsari mai girma.

Tushen ɗumi

Da rana ƙwan lantarki irin na da, mai siririyar waya a ciki, na wat 60 zuwa 100, ya wadatar ga akwati irin wannan. Sababbin ƙwayaye masu tsimin wuta ba su da amfani a nan, domin an ƙera su ne su ba da haske ba tare da zafi ba. Jan ƙwan da masu kaji suke renon 'yan tsaki da shi yana aiki, amma na wat 250 ya yi wa ƙaramin akwati ƙarfi, sai dai a babban ɗaki. A rataya ƙwan da sarƙa ko waya mai ƙarfi daga sama, a ƙarshen akwatin guda, tazararsa da bayan kunkurun kada ta gaza santimita 30. Mariƙin ƙwan ya zama na tangaran, saboda na roba yana narkewa idan ya daɗe a kunne. A ƙarƙashin fitilar a ajiye faffaɗan dutse mai laushin fuska, wanda ba ya wuyar samu a Jos, domin zai sha zafi da rana ya riƙa sakinsa a hankali bayan an kashe. Ciyawa da kwali da bargo kuwa duk su yi nesa da ƙwan, tunda gida ne za a bari babu kowa.

Da dare kunkuru yana bukatar duhu kamar kowace dabba. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙwan tangaran mai ba da zafi ba haske, wanda ake ɗaurawa a mariƙi kamar ƙwan lantarki. Yana yin zafin da zai ƙona hannu nan take, saboda haka a kewaye shi da ragar ƙarfe. Idan ba a same shi ba, barin ƙwan haske a kunne na 'yan kwanaki ya fi barin dabbar cikin sanyi, muddin tana da tukunyar da za ta shige ta samu duhu.

Na'urori biyu ne suke tsayawa a madadin mai gida. Ta farko agogo ce da ake sakawa a soket, ta kunna fitila da ƙarfe bakwai na safe ta kashe da bakwai na yamma. Ta biyu ita ce na'urar daidaita zafi, wadda take da 'yar waya mai jin zafi a bakinta, ta yanke wuta idan an kai lambar da ka saita, ta mayar idan an sauko. Idan kuɗinka na ɗaya ne kawai, sayi ta biyun. A ɗaure bakin wayar da kyau a jikin bangon akwatin, daidai tsayin bayan kunkurun, domin idan ya ja ta ta faɗo waje, na'urar za ta ɗauka cewa har yanzu ana sanyi, ta ci gaba da gasa akwatin. Agogon soket irin mai juyawa kuma yana tsayawa idan aka ɗauke wuta, sai lokacinsa ya rikice, don haka mai ɗan batir a ciki ya fi dacewa da halinmu.

Shimfiɗar lantarki da ake sakawa a ƙarƙashin ciki ba na ba da shawararta. Kunkuru ya saba karɓar zafi daga sama, kuma yakan daɗe kwance a kan abu mai zafi har ƙoƙon cikinsa ya ƙone bai matsa ba.

Idan aka ɗauke wuta

Wannan shi ne ainihin wurin da shirin mai kiwo a ƙasarmu ya sha bamban da na littattafan Turawa, domin duk tsarin da ya dogara ga wutar lantarki kaɗai bai cika ba. Abu na farko mai sauƙi ne amma ana mantawa da shi: idan mitarka mai kati ce, saka mata kuɗi kafin ka tafi. Ƙwai mai wat 60 na sa'a 12 da rana, da na tangaran mai wat 100 na sa'a 12 da dare, sun kusa cin yunit biyu a kwana guda, wato yunit 20 a tafiyar kwana goma, ban da firiji da sauran abin da aka bari a kunne.

Mai sola da inbata ya yi lissafi kafin ya saki jiki. Batir guda mai bolt 12 da lamba 200Ah yana ɗauke da abin da ya kai wat 2,400 na sa'a guda, amma irin batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato 1,200. Ƙwai mai wat 100 da ya kwana sa'a goma a kunne zai ci 1,000, ita ma inbatar tana cin nata. Ke nan dare guda ya kusa cinye batir ɗaya, kuma a lokacin hunturu hazo da ƙurar da ke kwanciya a kan faifan sola suna rage cajin rana. A kashe komai a gidan a bar wa akwatin wutar, a kuma wanke faifan kafin a tafi.

Hanya mafi aminci ga wanda ba shi da waɗannan ita ce ruwan zafi, kuma mutane suna raina ta ba tare da sun san ƙarfinta ba. Jarka mai lita 20 da aka cika da ruwa mai digiri 50, kafin ya huce zuwa 25, zai saki zafin da ya kusa daidai da na ƙwai mai wat 60 da ya yi sa'a goma a kunne. Wato jarka guda tana iya raka akwati mai rufi daga bayan sallar isha'i har zuwa asuba. Ruwan ya zama mai zafin da hannu zai iya taɓawa na ɗan lokaci, ba tafasasshe ba, don kada robar ta lanƙwashe. A naɗe jarkar da tawul ko buhu, a tsayar da ita a kusurwa, a tokare ta da falanki yadda kunkurun ba zai manne da ita ko ya ture ta ba. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba ta shiga wannan aiki, ko da an wanke ta. Ga ƙaramin kunkuru, babbar kular abinci tana zama ɗakin kwana mai kyau: a saka ciyawa, a saka gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a gefe guda, a bar murfin a ɗan buɗe don iska, a kuma saka ma'auni a ciki. Illar wannan hanya guda ce, wato tana bukatar mutum ya zo kowace yamma ya ɗora ruwa.

Abin da ba a yi ko da wasa shi ne barin kaskon gawayi ko risho ko fitilar ƙwai ko kyandir a ɗakin da aka rufe. Gawayi da kalanzir suna fitar da iskar guba marar wari wadda take kashe mutum ma a cikin barci, balle dabbar da take kwance a ƙasa, ga kuma hatsarin gobara a lokacin da komai ya bushe. Janareta ma ba a barin ta tana aiki a gidan da babu kowa.

Gwaji na dare uku

Bayan an haɗa komai, a saka kunkurun a ciki tun kana gida, a yi kamar ka riga ka tafi. Kowace safiya a duba lamba mafi ƙasa, kowace yamma a duba mafi sama. Idan ƙarƙashin fitila ya wuce 35 (ko 28 ga mai gaɓa), a ɗaga ta sama kaɗan. Idan dare ya sauko ƙasa da 18, a ƙara rufi ko a ƙara jarka. A dare ɗaya cikin ukun ka kashe wutar da hannunka, ka ga yadda akwatin zai kwana da jarka kaɗai. Halin dabbar ma yana magana: idan ta kasa barin ƙarƙashin fitila duk yini, akwatin ya yi sanyi, idan kuwa tana ta kartar bango a can ƙarshen da ba fitila, ko tana buɗe baki, zafi ya yi yawa.

Ci da sha

A kwanaki ukun ƙarshe a riƙa jiƙa shi kowace safiya a ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda ake yi wa jariri wanka da shi, zurfinsa iyakar haɓarsa, na minti 15 zuwa 20. A nan yake sha ya kuma yi kashi, kuma shi ne maganin bushewar hunturu. A bar masa ruwa a faranti mai faɗi marar zurfi, mai nauyin da ba zai kifar ba, a gefen da ba fitila.

Game da abinci, an fi yin kuskure ta wajen yawaitawa. Babban kunkuru mai lafiya ba abin da zai same shi don ya yi kwana biyu ko uku bai ci ba, amma idan ya cika ciki sannan sanyi ya kama shi, abincin yakan tsaya bai narke ba. Tarin kabeji da tumatir da kankana da aka jibge kuwa suna ruɓewa su jawo tururuwa da ƙuda. Ga kunkurun Sahel, ciyawa ita ce asalin abincinsa, ɗanya ko busasshiya, sai ɗan ganye a kai. Mai gaɓa yana haɗawa da 'ya'yan itace da tana da katantanwa, amma waɗannan sai akwai mai kwashe ragowar a ranar. Shi mai gaɓa a jiƙa masa ƙasar gefe guda na akwatin kaɗan, gefen ɗumi, kada a jiƙa gefen sanyi.

Wanda za a bar wa amana

Tafiyar kwana biyu, idan kunkurun babba ne kuma gwaji ya yi kyau, ana iya yin ta ba tare da kowa ba. Daga kwana uku zuwa sama dole ne a samu mai leƙowa kullum. Jariri da marar lafiya ba a barin su ko kwana guda babu ido a kansu. Doguwar tafiya kuwa, irin ta aikin Hajji ko kwas na wata guda, gara a ɗauki akwatin gaba ɗaya a kai gidan ɗan'uwa.

Ko maƙwabci ne ko ƙane ko maigadi, a kira shi ya gani da idonsa tun kana nan, ya ɗora ruwan jarkar sau ɗaya a gabanka. Kada a cika shi da dogon bayani. A rubuta gajeriyar takarda a manna a jikin akwatin, misali ga dattijon maigadi: "Baba, don Allah a duba lambar ma'auni safe da yamma. Idan ta sauko ƙasa da 18, a saka jarkar ruwan zafi. Idan ta wuce 35, a kashe fitila a buɗe rufin. Idan ya kife, a juya shi. Kada a kawo gawayi ɗakin, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Allah ya saka da alheri." Wanke hannun ba don ƙyama ba ne, jikin kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa, musamman ga yara. A bar ƙwan lantarki biyu na canji, domin wutar da ta dawo da ƙarfi takan ƙona ƙwai, a bar kuɗin gas ko na itacen dafa ruwa, a kuma roƙe shi ya riƙa turo hoton ma'aunin ta WhatsApp kowace safiya. Hoton ya fi amsar "lafiya lau yake", wadda mutum zai faɗa da zuciya ɗaya don ya kwantar maka da hankali.

Idan mai kular yana da lokaci, ya fitar da shi rana tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, na sa'a guda, a wurin da iska ba ta bugawa kuma akwai inuwa kusa. Hasken rana kai tsaye ne yake taimaka masa ya sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙo, kuma wannan ɓangare na hasken ba ya ratsa gilashin taga. Amma kada a bar shi a rana cikin baho ko bokiti, kuma kada a bar shi da kare ko yara. Idan babu mai tsayawa a kansa, rashin rana na mako guda bai kai hatsarin fitarwa ba. A sanar da mai kular alamomin da za su sa ya buga waya nan take: kumfa ko majina a hanci, numfashi da baki a buɗe ko mai ƙara, kumburin ido, da kasa ɗaga jiki. A bar masa lambar likitan dabbobi da aka riga aka yi magana da shi. Mazauna Jos ba su rasa masana ba, tunda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom, amma ba kowane likita ne ya saba da dabbobi masu jan ciki ba, don haka a yi tambaya tun kafin bukata ta taso.

Babban kunkuru na tsakar gida

Wanda ya kai kilo 20 ko 30 ba ya shiga akwatin falanki. Girman jikinsa yana sa ya daɗe bai huce ba, amma darare masu sanyi a jere suna cin masa. Idan ya haƙa raminsa kuma ramin a bushe yake, ya riga ya yi rabin aikin, sai a kare bakin ramin daga iska da falanki ko buhunan ƙasa. Idan babu rami, a gyara masa ɗan ɗaki na bulo ko katako, a ɗaga ƙasansa da falanki, a cika da busasshiyar ciyawa, a rataya tsohon buhu ko roba mai kauri a ƙofa, a saka jarka biyu a bayan shinge. Babban aikin mai kula a nan shi ne ya tabbatar ya shiga kafin magariba, domin sau da yawa yakan lafe a gindin bango inda rana ta faɗi ta bar shi, sanyi kuma ya hana shi tashi. Irin wannan shiri ana bukatarsa a watan Agusta ma, lokacin marka, da ake yin kwanaki a Jos ba a ga rana ba kuma ƙasa ta jiƙe sharkaf. A lokacin ramin ma ba abin dogaro ba ne, saboda ruwa yana iya cika shi.

Ranar dawowa

Kafin a sauke kaya a duba ma'aunin, a ga lamba mafi ƙasa da aka kai. A ɗaga kunkurun a ji nauyinsa, wanda ya auna shi a sikeli kafin tafiya kuwa ya sake aunawa. A duba hanci da ido da ƙafafu da wutsiya. Idan an same shi da sanyi kuma ba ya motsi sosai, kada a zuba masa ruwan zafi kuma kada a kai shi bakin murhu. A shigar da shi ɗaki mai ɗumi ya farfaɗo a hankali na sa'o'i biyu ko uku, sannan a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi ana riƙe da kansa sama da ruwan, kuma kada a ba shi abinci sai ya fara tafiya da ƙafafunsa. Ciwon huhun da sanyi ya haddasa yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, saboda haka a ci gaba da duba hancinsa kowace safiya har mako biyu, a kuma bar shi yana kwana a akwatin har sai hunturu ya wuce. Idan ya yi kwana uku cikin ɗumi bai taɓa abinci ba, ko aka ga kumfa a hancinsa ko da sau ɗaya ne, a saka shi a kwali da gorar ruwan ɗumi a naɗe, a kai shi wurin likita a ranar.